Maganin Auta

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa zama ta yi hira da ni ba. Haka ake yi a wajenmu, Fulanin da suka daɗe da zama a ƙauyukan Gwangwan. In na shiga gaishe ta sai ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice. In tana da magana da ni, wani take faɗa wa ina tsaye ina ji: "Ku ce da wancan dangar baya ta faɗi." Ban taɓa jin haushi ba. Kakata ce ta raine ni, kuma duk ɗan farin da na sani haka uwarsa take masa.

Autanmu kuwa nata ne. Tsakanina da shi mata ne, duk sun yi aure nesa, sai waɗanda ba su zauna ba. Babanmu ya rasu Auta bai yi wayo ba. Da shi take hira, da shi take faɗa, Hausa da Fulatanci a cakuɗe, har ka rasa wane ne babba a cikinsu. Shi kaɗai na taɓa ji ya ce mata miyarta ba gishiri, ta jefe shi da ludayi tana dariya.

Shekarar da aka yi canjin kuɗi ya fara faɗuwa, lokacin ya soma zama saurayi. Da kaka ne, muna tsigar gyaɗa a gindin ɗorawa mu da maƙwabta. Sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ya sandare, ya kife. Jikinsa ya kama jijjiga, idanu suka juye, kumfa tana fita ta bakinsa. Wata tsohuwa ta ce farfaɗiya ce, a yi nesa. Kowa ya watse, har da ni. A wajenmu an yarda cewa in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka ɗauka ke nan. Inna ce kaɗai ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta tana goge masa baki da gefen zaninta har ya dawo hayyacinsa.

Daga ranar aka ware masa kwanonsa da moɗarsa da butarsa. A masallaci can ƙarshen sahu yake tsayawa, na kusa da shi ya bar ɗan fili. Samarin da suke kiwo tare suka daina biyo masa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Gaisuwa dai daga nesa.

Mun yi abin da aka saba. Rubutu ya sha har ya gaji, an yi hayaƙi, an yi wanka da sassaƙe, an yanka baƙar kaza, an sayar da karsana saboda wani mai magani da aka ce ya fito daga gabas. Ciwon bai san ana yi ba. Wani watan ya faɗi sau ɗaya, wani watan kusan kullum. Wata rana ya faɗa cikin murhu Inna tana bayan gida, hannunsa na hagu ya ƙone daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Tabon ya zauna fari fat.

Ni lokacin na koma Karaye da matata, ina facin taya a bakin tasha. Wani direba mai jigilar Kano da nake yi wa faci ya ce da ni wata rana, yana zaune a kan benci yana cin rake:

"Mai faci, ƙanen nan naka har yanzu yana faɗuwa?"

Na ce yana yi.

"Ku kuna can kuna ta turara shi kamar kifi. 'Yar yayata tana da irinsa. Wata 'yar ƙwaya ake ba ta a Kano, yanzu ita ke yi musu girki. Sai dai fa inda ake bayarwa, nan ne ake kai masu taɓin hankali. In kuna jin kunya ku zauna."

Da na kai maganar gida, Inna ta dubi matata ta ce, "Ki ce da wancan ɗana ba mahaukaci ba ne."

Auta yana kwance a kan tabarma ya ce, "Inna, in mahaukata sun fi mu magani, ai gara in je in gaishe su."

Shi ya yanke, ba ni ba.

Likitan da muka gani ba ya da yawan magana. Ya tambayi yadda faɗuwar take, ya juya hannun da ya ƙone ya duba, ya haska masa ido. Na lura ya riƙe haɓar Auta da hannunsa tsirara, bai ko goge ba bayan ya saki. Ya ce ba a ɗaukar ciwon nan daga yawu, ko a kwano ɗaya aka ci. Ya rubuta magani. Sunansa dogo ne, ban taɓa iya faɗa ba, har yau. Farar ƙwaya ce mai tsaga a tsakiya. Ya ce a fara da kaɗan, sannan ya koma ɗaya da safe ɗaya da yamma, kullum, ko ya ji garau.

"Ba a tsallakewa, ba a ragewa. Ranar da ka ga ka warke, maganin ne yake aiki, ba ciwon ne ya tafi ba. Kada ka hau bishiya. Ka yi hankali da ruwa, ka yi hankali da wuta."

Auta ya ce, "Likita, aure fa?"

"Aure ba ruwa ba ne, ba wuta ba ne."

"Ba ka ga matar Yaya ba ne."

Likitan ya yi dariya har ya ajiye biro. Ni na ce in mun fita zai gane.

Kwanakin farko barci ya yi ta yi, in ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Inna ta ce da ma ta faɗa. Bayan haka jikinsa ya saba. Wata ya wuce bai faɗi ba. Damina ta shiga ta fita bai faɗi ba. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, ya koma noma sosai. Aikina ya zama ɗaya: duk ƙarshen wata in rufe wajen faci in shiga motar Kano da katinsa, in bi layi in karɓo na wata guda, ranar kasuwar Rogo in kai masa. Shi sai an yi 'yan watanni yake zuwa likita ya gan shi. Na wata ɗaya suke bayarwa, ba ƙari, kuma kyamis ɗin Karaye ba su ajiye irinsa. Yana zuba shi a wani gwangwanin man shafawa ya soke a jikin jinkar ɗakinsa. Duk abin da zai faru, ko ba ni da lafiya, ko ruwa ya cinye hanya, ban bari gwangwanin nan ya zama wayam ba. Abin da na sani ke nan. In akwai ƙwaya Auta yana tsaye, in babu yana ƙasa.

Wata rana ya zo Karaye sayen takalmi, matata ta kawo mana tuwo a kwano biyu kamar yadda aka saba. Na ɗauki nasa na juye a nawa. Ya dube ni ya dubi kwanon.

"Yaya, ka yi wasiyya tukuna?"

"Ci ka ba ni wuri."

"Keken nan naka dai ni za a ba."

Ya ci, amma ta gefensa kawai, a hankali, yana kiyaye kada yatsunsa su taɓa inda nake gutsura. Sai da muka yi haka sau da yawa kafin ya saki jiki har ya fara ɗauke min nama.

Cikin shekara ta uku ya ga wata yarinya a Tudun Kaya, cikin dangin Inna. Ita ma tana son sa, in ya je har fura take dama masa a ƙwaryar gidansu. Ubanta mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ya ji an ce yaron ya samu sauƙi, amma yana so ya gani da idonsa. A bari damina biyu su ƙara wucewa, in bai faɗi ba, zai ba shi ita. Auta ya ce ya yarda. Ya karɓi aron wani fili a bakin rafi ya fara lambu da rani, tumatir da albasa, don ya tara abin aure. Na tuna masa maganar likita a kan ruwa. Ya ce rafin da rani ko idon sawu ba ya rufewa, in kaza ta shiga ma da ƙafa take fita.

A wannan tsakanin ne fuskar Inna ta fara ciwo. Ni ban gani ba. Yaya zan gani, fuskar da ba a juyo min ita? Na dai lura tana naɗe kanta da mayafi har kunci ko ana zafi, kuma amsa gaisuwarta ta ƙara gajarta. Matata ce ta gaya min a hanyar komawa. Ta ce wani ciwo ne yake kama ta a kuncin dama, daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi, kamar an soka mata allura mai zafi. Ba ya daɗewa, amma in ya zo sai ta daskare, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Tauna tana tayar da shi, magana tana tayar da shi, iska ma in ta taɓa wajen. Ta daina wanke wannan gefen, alwala ma sai dai ta kusanto da jiƙaƙƙen hannu ta janye.

Kowa ya ce haƙori ne. Wanzami ya zo ya cire mata ɗaya. Ciwon yana nan. Ya dawo ya cire na kusa da shi. Ciwon yana nan. Ta koma kunu kawai, shi ma sai ya huce, ta gefe ɗaya. Ta rame har zaninta yana zagaye ta ya yi saura.

Na ce da matata ta ce mata a kai ta asibiti a Kano. Amsar da ta dawo ita ce ba ta taɓa shiga Kano ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba, balle a je a kwantar da ita gaban maza. Ɗan fari ba ya jayayya da uwarsa, ba ma hanyar da zai yi. Na sayi ƙwayoyin ciwon kai a kyamis na aika. Ba su yi komai ba.

Sai kuma wani zuwa da na yi na tarar da ita zaune a tsakar gida tana cin ɗanwake, mayafi a kafaɗa, tana yi wa Auta faɗa a kan ya bar akuya ta shiga rumbu. Da ta ji sallamata ta ja mayafin ta juya. Na ja Auta waje.

"Me aka yi mata?"

"Sauƙi ya zo daga Allah."

"Haka kawai?"

"To da ta ina kake so ya zo, ta tasha?"

Na yi hamdala na bar maganar. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya yana tura min keken da na ara a Rogo. Ya ce, "Yaya, in ka je wannan karon ka ce su ɗan ƙara mana yawan ƙwayar."

"Don me?"

"Wani lokaci takan faɗi a ƙasa in rasa ta. Ka san ƙanƙanuwa ce."

Na yi masa faɗa. Na ce ni nake rufe sana'ata in kwana biyu ina warin mota saboda ita, shi kuma yana zubarwa kamar tsakuwa. Ya ce in yi haƙuri. Duk da haka da na je na roƙi mai ba da magani ta taga. Ya ce abin da likita ya rubuta shi zai bayar, in ana son ƙari mai ciwon ya zo da kansa ya yi bayani. Na gaya wa Auta. Ya ce a bar shi, zai riƙa kula.

Wani zuwan kuma na ji maganarsa tana fita da nauyi, yana cin abinci yana yamutsa fuska. Ya ce harshensa ya ciza garin cin rake. Na ce yarinyar Tudun Kaya ce ta ɗauke masa hankali. Ya yi dariya da rabin baki.

Ranar da abin ya faru ina cire tayar wata motar hatsi, hantsi ya yi. Wani mutumin ƙauyenmu ya sauka daga babur, ya yi sallama, ya tsaya bai zauna ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Da gaisuwar ta yi tsawo na ajiye ƙarfen hannuna. Ya ce in zo gida, Auta ba lafiya. Na ce ya faɗa min gaskiya. Ya ce sai haƙuri.

A lambu ya faɗi, yana ban ruwa da sassafe. Ya kife da fuska a cikin 'yar hanyar da yake jan ruwa zuwa albasa. Na je na ga wajen daga baya. Na sa hannuna a ciki, ruwan bai rufe min wuyan hannu ba. Akwai mutum biyu a lambun da ke kusa, sun ji ƙarar, sun ga faɗuwar. Suka matso suka tsaya daga nesa suna salati, suna jira ya gama ya tashi kamar yadda ya saba a da. Da jijjigar ta tsaya suka ƙara jira. Sai da ɗaya ya sa bakin fartanya ya juyo shi.

Ɗayansu ya yi kuka a maƙabarta fiye da ni. Yana ta cewa da ya sani.

Ni na yi wa Auta wanka, limamin garin yana zuba min ruwa. Mutane sun cika, an yi masa salla sahu ya haɗu. Uban yarinyar ya zo daga Tudun Kaya ya zauna tare da mu har aka yi sadakar uku. Abin da yake cina a zaman makokin nan ɗaya ne. Ban taɓa makara da maganin ba. Mutane suna cewa ai ga shi nan, maganin asibiti danne ciwo yake ba ya kashe shi. Ni ma na fara yarda.

Kafin a yi bakwai ciwon Inna ya dawo. Ina zaune a zaure matata ta leƙo ta ce in shigo. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Inna tana zaune ta dafe tabarma da hannu biyu, mayafi har kunci. Sai da ciwon ya sake ta, sannan ta yi magana ta gefen baki, da matata take:

"Ki ce da wancan ya duba ɗakin yaron. Akwai maganin haƙorin da yake ba ni."

Matata ta ce, "Wane magani, Inna?"

"Ɗan fari-farin nan. Rabi da safe, rabi da yamma. Da sanyi ya shigo ya koma ba ni guda. Cikin nasa ne. Ya ce likita ya ce ya warke, ya rage sha, ragowar ba ta da amfani."

Na shiga ɗakinsa. Ba wanda ya taɓa komai, rigarsa ta Juma'a tana rataye. Na zaro gwangwanin daga jinka na buɗe. Rabi-rabi ne a ciki, duk an karya su daidai kan tsagar, da ɗan gari a ƙasa. Na zauna a bakin gadonsa na kara.

Yadda aka yi ya fara ba ta, ban sani ba. Ina jin wata rana ce ya ga tana murƙususu, ba abin da zai ba ta, ya ce bari ya gwada nasa. A wajenmu ai haka ake yi, wanda yake da magani a gida ba ya kallon wani yana ciwo, ko na mene ne sai a ɓantara masa. Sai kuma ya yi aiki. Da ya yi aiki ta ci tuwo, shi ke nan ba shi da hanyar dainawa. Bai gaya wa likita ba, tsoro yake a ce ya yi wasa da magani a ƙwace katin. Bai gaya min ba, don ya san zan hana. Ita kuma ba za ta gaya min ba ko da me.

Na kai mata rabi da ruwa na miƙa wa matata. Na ce da matata a waje, in ta kuskura ta faɗa wa Inna ko wani mutum abin da ta gane, ni da ita ne. Ta ce ita ma tana da hankali.

Ragowar ba za ta kai ko'ina ba, katin kuma na mamaci ne. Bayan arba'in na sa ƙannena mata suka taru a kanta. Sun sha fama. Abin da ya sa ta yarda, an ce mata can ne inda Auta yake zuwa, za ta ga likitansa. Muka shiga motar Kano, ita da matata a baya, ni kusa da ƙofa. Duk hanya ba ta leƙa taga ba.

Ba likitan Auta muka samu ba, an yi masa canjin wajen aiki. Wani ne matashi. Ya saurari bayanin matata, ya kai ɗan yatsa kusa da hancin Inna, ta zabura ta riƙe masa hannu. Ya ce ya gane. Ya ce ba haƙori ba ne, jijiyar fuska ce, haƙoran da aka cire lafiyarsu ƙalau. Ya ce akwai magani, kuma yana yi sosai.

"Irin wanda muke ba masu farfaɗiya ne, kada ku ji an faɗa ku tsorata. Aikinsa biyu ne. Tun yaushe take fama?"

Matata ta ce an fi shekara.

"Kuka zauna da ita? Ai da kun kawo ta tun farko da an ba ta nata, ba wani abu ba ne."

Na ce Allah bai nufa ba. Na karɓi takardar muka fita.

A layin karɓar magani na so in bar su a benci, amma aka ce mai ciwo ya matso da kansa don sabon kati ne. Gabanmu wata mata ce da 'yarta budurwa. Mai ba da maganin yana magana da ƙarfi saboda hayaniya, irin maganar da ya saba yi wa kowa:

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ba a ragewa, ba a raba wa kowa. Ko ta shekara nawa ba ta faɗi ba, ranar da kika rage mata ki jira faɗuwa. Kin ji ko?"

Ya zuba mata fararen ƙwayoyi masu tsaga a 'yar leda. Ya karɓi takardarmu, ya ɗebo daga robar da ya ɗebi na yarinyar ya zuba wa Inna.

Inna ba ta karɓa ba. Ta matsa jikin tagar, ita da ba ta magana da baƙon namiji, ta ce, "Ɗana, wanda ya warke fa? Ba a cewa ya rage?"

"Iya, mai farfaɗiya? Sai an daɗe ƙwarai, kuma likita ne zai rage da kansa a hankali. Waye naki?"

Inna ta ja da baya daga tagar. Matata ta karɓi ledar.

Sai da muka fito bakin titi muna jiran mota ta tsaya. Ta ce da matata, "Ki tambayi wancan. Likita ya ce da yaron ya rage?"

Matata ba ta maimaita ba, ta dai dube ni. Na ce, "Ya ce."

"Ki tambaye shi yana wajen?"

Na ce ina wajen.

Ban iya ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba. Muryata ma ba tawa ba ce. Inna ta gyara mayafinta ta ce mu tafi, rana tana yi.

Ba ta sha ko ɗaya ba. Da muka isa gida matata ta kawo mata da ruwa, ta ce a ajiye. Washegari ta ce a ajiye. Ƙannena suka yi magiya, suka yi kuka, aka kira limami ya yi mata nasiha cewa kwana ne ya ƙare, kuma ƙin magani ba ibada ba ne. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta ce Allah ya saka. Ba ta taɓa cewa ga dalili ba, ba kuma wanda ya tambaya. Sau ɗaya na sa aka daka aka zuba mata a kunu. Ta kurɓa, ta miƙa wa ƙanwata kofin, ta wuni ba ta ci komai ba. Ban ƙara ba.

Na ci gaba da zuwa Kano ina karɓowa da katinta har 'yan watanni, ko za ta sauko. Ledoji suka taru a kan taga. Da na ga sun fara canza launi na haƙa rami a bayan danga na binne, kada yara ko awaki su samu.

Ta ƙi dawowa Karaye. Wata ƙanwata da mijinta ya rasu ta koma ta zauna da ita. Ta yi shekaru a haka, a kan kunu da farau-farau. Ciwon yakan tafi wani lokaci har a yi zaton ya bar ta, sai ya dawo. Ƙanwata ta ce ba ta taɓa jin ta yi ƙara ba, sai dai ta ga ta dafe ƙasa.

Da damina ta rasu, ba ta yi doguwar jinya ba. Ina zaune a zaure da mutane ana yi mata wanka, ƙanwata ta aiko a ƙara kawo ruwa da sabulu. Ta ce kuncin daman ne, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, suna so su wanke shi sosai.